Kaka Mai Shekara Biyu

A ofishin da ake gina manhajar rajistar asibiti, akwai wata mata da kowa ke kira Anti Ja. Ita ke rubuta gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta. In wani ya ɓata abu, allo ya yi ja, sai ta taso da kofin shayinta ta tsaya a kansa. Ba ta faɗa, tsayuwar ce ke hana mutum sakat.

Shekara tara tana wannan aiki, kuma duk gwajin da ta rubuta sai ta ɗora masa labarin wanda matsalar ta taɓa shafa. Har da na tagwayen da manhajar ta taɓa mayar da su mutum ɗaya.

Sai aka kawo sabon oga, mai saurin tsiya. Ya ce minti arba'in ana jiran gwaji ya yi yawa, a share tsofaffin kafin Alhamis.

"Ranka ya daɗe, matattun da ba sa kama komai zan share," in ji ta. "Masu labari dai a bar min."

Oga ya nuna wani gwaji a allo. "Wannan fa? Kaka mai shekara biyu?"

Kakarta ce. Ta kai ta asibiti tana da shekara ɗari da biyu, ashe gurbin shekaru lamba biyu kawai yake ɗauka. Manhajar ta yar da ɗarin, ta tura tsohuwa sashen yara. Nas ta leƙo neman yarinya, sai ga Kaka da sandarta, tana cewa to a ba ta alewa mana.

Oga ya yi dariya har da hawaye, amma ya ce an gyara wannan tun tuni, shi ma a share. Abin ya sosa mata rai ƙwarai. Ta dai duƙufa ta kwashe matattu ɗari uku, jira ya dawo minti takwas. Na Kaka ta bar shi sai ranar ƙarshe, hannunta ya ƙi zuwa.

Ranar Laraba wani injiniya ya sabunta shafin rajista. Allo ya yi ja, gwaji ɗaya tak.

Oga ya leƙo. "Wa ya kama mu?"

"Kaka ce. Kun sake mayar da ita sashen yara."

"Tana nan da rai?"

"Shekara huɗu da rasuwa."

Ya daɗe yana kallon allon. "Allah Ya jiƙanta. Anti, a bar ta a bakin aikinta."