Kwallin da Malam Ya Yi wa Fifita

Dutsen kwalli ɗaya tal mahaifiyata ta bar mini, ƙulle a tsumma cikin tandu. A kasuwar Mai'adua ta saye shi hannun mutanen arewa, tun ban yi wayo ba. Irinsa ya ɓace yanzu, sai na kwalba mai yaji.

Yayar mahaifiyar tawa, wadda muke kira Iya, ta aiko daga Baure cewa tana son ta sake ganin kwallin ƙanwarta a idona kafin nata ganin ya ƙare. To wa zai ƙi?

Yadda marigayiya take yi na yi. Na sa dutsen a 'yar tukunya, na kife murfi, na liƙe bakin da yumɓu, na binne a garwashi. Sharaɗin ɗaya ne: kada iska ta taɓa shi. In ya gasu a rufe, baƙi wuluk yake fitowa, ya daku lukwi. Na shiga wanka.

Tun daga banɗaki na ji wari kamar an ƙyasta ashana. Na fito da kumfa a kunne, sai ga Malam, maigidana, tsugune. Ya fasa yumɓun, ya ajiye murfi gefe, yana ta fifita da mafici har da gumi.

"Malam! Me zan gani haka?"

"Wutar ce na ga tana neman mutuwa. Abu a toshe ta yaya zai gasu?"

Mutumin da ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba! Farin hayaƙi na tashi, dutsen ya koma fari-fari kamar tokar murhu, ina taɓawa ya marmashe. Wallahi na yi kuka, na yi masifa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Shi kuwa sai cewa yake, "Ai taimako na yi."

Na kwalba na saya, na rangaɗa, na hau mota zuwa Baure ido na ruwa.

Iya ta kama haɓata, ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Sak nata," in ji ta. "Sai kuma ki rage mini, 'yar nan, in sa ranar Juma'a."

Na ce to. Tokar tana cikin tandu har yau, Iya kuwa ta yi ta aike tana tambaya har Allah ya karɓi abarsa.