Ranar da Na Ƙi Layin Surukina

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, ka ji wata magana da mutanen gidanmu suka fi so a manta da ita. Ni kam ban manta ba.

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Limawa daga rugarmu ta wajen Ringim, in ka ga ƙafata a waje, to suna ne ko gaisuwar mutuwa. Karatuna bai wuce na sallah ba. Amma Allah ya ba ni kunne, abin da aka faɗa a zaure ina madafa nake tsince shi tsaf. Ta haka na ji ranar da mutanen wani mai neman kujerar sanata suka zo wurin surukina, Malam Babba, mai makarantar allon gidan. Suka sha addu'a, shi kuma ya yi musu alkawari cewa ranar zaɓe duk mai cin tuwon gidansa a layin mutuminsu zai tsaya.

A lokacin ba a ɓoye ake zaɓe ba. Ƙato bayan ƙato ake yi. A kafa hoton kowane ɗan takara, masu son sa su jeru, a ƙirga su da rana tsaka, kowa yana kallon kowa.

Mutumin nan na san shi, ko da yake a hoto kawai na taɓa ganin fuskarsa. Shi ne ya sayi fili a gefen rugarmu, ya ja waya ya haɗa har da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Burtalin nan ya girmi babana. Kakata ta sha ba mu labari cewa farkon zuwan Turawa, da aka zo da igiya ana auna ƙasa, kakanmu ya tsaya a tsakiyarsa da sanda a kafaɗa, ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakin Bature, ya ƙi matsawa har aka janye igiyar aka bar wa shanu hanyarsu. Abin da Nasara ya ƙyale, ɗan ƙasa ya zo ya shinge. Damina biyu yayana yana ratsa gonakin mutane da garke don ya kai ga ruwa, yau a zage shi, gobe a kai shi gaban alƙali. Da ya gaji ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, babanmu ya tsufa ba ɗa namiji kusa da shi.

Na gaya wa maigidana ba zan tsaya a layin mutumin nan ba. Mutum ne mai sanyi, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in kwanta ranar, a ce zazzaɓi nake yi, kowa ya huta. Uwar mijina, Inna, ita ba ta yi kwana-kwana ba. Ta same ni ina tankaɗe ta ce in na kunyata Malam a bainar jama'a, to in tabbata ban manta hanyar Ringim ba, 'ya'yana huɗu kuwa na gidan nan ne.

Na yi ta juya maganar. In na kwanta, za a ƙirga gidanmu a ga mutum ɗaya ya ragu, ba wanda zai tambayi dalili. Ƙarya kuma zan yi, ga shi lafiyata ƙalau. Ni so nake a ga inda na tsaya.

Ranar zaɓe an yi ruwa da safe, filin makarantar firamare ya zama taɓo. An jingina hotuna biyu a jikin darbejiya biyu. Layin farko ya miƙe har bakin hanya, maza a gaba, mata a baya, an kawo wa Malam kujera a kan gaba. Ɗaya layin yana can gefe, ɗan guntu, kuma ba yadda za ka kai gare shi sai ka wuce ta gaban kujerar Malam.

Shekara goma sha huɗu ina gidansa ban taɓa wucewa ta gabansa da takalmi ba, bai taɓa jin muryata ba sai a gaisuwa. Ranar ma ban fasa ba. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na durƙusa a cikin taɓon nan na gaishe shi. Ya ɗauka layin mata zan koma, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin. Na tashi na wuce gaba, na je na tsaya a guntun layin.

Sai wata maƙwabciyarmu Babarbariya, da ma kullum cikin tsokanar juna muke, ta ɗaga murya daga wancan layin.

"Ke Fillo, ɓatan kai kika yi? Garken yana nan, kin bi saniyar wasu."

Na ce, "Ai Bafulatana ba ta ɓata, baiwata. Ki dai riƙe zanenki, taɓo ne."

Aka yi dariya, amma ban da mutanen gidanmu. Ban mai da takalmin ba tunda Malam yana ganina. Mai ƙirga ya biyo layi yana nuna mu da biro ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya faɗi lambata da ƙarfi, kowa ya ji. Ba a daɗe ba aka gama namu. A filin nan dai an kayar da mu, kaye ba na wasa ba.

Bayan la'asar Malam ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bayan ƙofar zaure, Inna tana tsaye a kaina, maigidana yana ciki kansa a ƙasa. Malam bai yi mini magana ba, ɗansa ya umarta ya tambaye ni abin da ya yi mini da na tozarta alkawarinsa a gaban mutanen unguwa. Ban jira a maimaita ba.

"Allah ya gafarta Malam, ba ka yi mini komai ba sai alheri. Amma da ka yi alkawarin ba ka san inda babana yake shayar da shanunsa ba. Ni na sani."

Inna ta dungure mini kai ta ce in ce na tuba. Na ƙi. Can Malam ya ce shi ba zai raba uwa da 'ya'yanta saboda hoto ba, in koma ɗakina. Amma daga ranar ba zai ƙara amsa gaisuwata ba, ba zai ƙara cin abin da na dafa ba, sai ran da na zo na ce na tuba.

Malam ba ya magana biyu. Shekara shida kullum da safe ina durƙusawa a bakin zaure in gaishe shi, yana jan carbinsa kamar iska ce ta wuce. Ran girkina, daga gidan 'yarsa ake kawo masa tuwo. Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi ni nake wanke masa kaya, ni nake dafa ruwan da ake gasa masa ƙafa, bai hana ba, bai kuma amsa ba. Na yi kukan mutuwarsa fiye da wasu 'ya'yan cikinsa, don mutumin kirki ne, kuma na san abin ya yi masa ciwo. Burtalin kuwa har yau ba a buɗe ba.

Har gobe in an taru a gidan nan sai wani ya ce kalma biyu ce fa, da na faɗa da an wuce wurin. Na sani. Bakina ba nauyi gare shi ba, ka ga dai yadda na cika ka da surutu. Amma tuba ana yin ta ne a kan laifi. To kai da ka ji komai, gaya mini, wane laifin zan ce masa na yi?