Larai da Kan Jakin Darmanawa

Duk wanda ya zauna a Gyadi-Gyadi a shekarun baya ya san rumfar Larai mai farfesun kai da ƙafa, can gefen hanyar da ma'aikatan asibiti ke bi. 'Yar mahauci ce, cikin ƙasusuwa ta girma. Tun tana ƙarama mahaifinta kan jefo mata ƙashi ya ce, "Na wace dabba ne?" Sai ta auna shi da yatsu, ta jujjuya, ta faɗa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ko ido a rufe ka miƙa mata haƙarƙari, za ta gaya maka na akuya ne ko na maraƙi. Ga ta da baki, ba a taka ta ta yi shiru.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Ja'afar mai shagon taya ya ci kansila. Nan da nan ransa ya biya da filin rumfarta, yana son kafa ofishin jam'iyya. Ya aiko sau biyu, ta ce a gaishe shi. Ba a yi sati ba magana ta bazu har Unguwa Uku, wai kansila da idonsa ya ga kan jaki a tukunyar Larai.

Masu saye suka ɗauke ƙafa. Kwana uku tana zubar da farfesu, abin ya ƙona mata rai ƙwarai, don shekara ashirin da biyu ke nan tana wannan sana'a ba wanda ya taɓa yi mata ƙorafi. Mai unguwa ya ce ta zo ranar Asabar ta wanke kanta, in ba haka ba ta tashi daga wurin.

Da wata ce, da kuka za ta zauna yi. Larai kuwa sai ta nufi Darmanawa, bayan masu ɗibar yashi, inda wani jaki ya mutu tun bara. Ta ɗauko ƙoƙon kansa da kofato, ta haɗa da kofaton saniya da ƙoƙon kanta da ta yanke wa ƙaho, ta ɗora a faranti ba ko murfi. Ranar Asabar ɗin, haka ta ratsa unguwa da rana tsaka, mutane na salati suna cewa ta zautu.

A ƙofar gidan mai unguwa ta dire farantin gaban jama'a, ta dubi Ja'afar.

"Ranka ya daɗe, kai ka ga jaki a tukunyata. To nuna mana shi a nan."

Ja'afar ya gyara babbar riga, ya leƙa, ya nuna mafi girman. "Ga shi nan, Inna. Irinsa sak na gani."

Larai ta ɗaga kan da ya nuna, ta juyo da bakinsa sama. "Ku duba, ina haƙoran gaba na sama? Babu, dasashi ne zalla. Saniya ke nan, haka akuya, haka rago." Ta ɗaga ɗayan. "Jaki kuwa ga su reras, sama da ƙasa. Kofaton saniya a tsage yake, nasa a dunƙule. Haƙarƙarinta goma sha uku kowane gefe, nasa goma sha takwas. An ce mulkin farar hula ake yi, to kowa ya matso ya gani da idonsa!"

Aka matso kuwa, har da mai unguwa. Dariya ta ɓarke, Ja'afar ya sulale ba sallama.

Ba ta yar da kan jakin ba. Ta rataye shi a bakin rumfa, ya yi shekara goma sha ɗaya yana washe haƙora ga duk mai wucewa. Mai unguwa ya sha roƙonta ta sauke shi, ta ce sai wanda ya ga jakin ya zo da kansa ya ce bai gani ba.

Ja'afar bai zo ba sai ranar jana'izarta. Bayan an dawo daga maƙabarta ya tsaya gaban rumfar, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ban ga komai a tukunyarta ba." Sannan ya miƙa hannu ya sauke kan.