Tsohuwa Mai Ɓarar Bini-da-zugu

A kasuwar Batsari wata tsohuwa na zaune tana ɓarar 'ya'yan bini-da-zugu, waɗanda wani kamfani ke saye yana yin man inji. Yatsunta sun yi baƙi ƙirin. Ina jin daga Ruma ta tako, kuma ba mamaki shingen bini-da-zugun gidanta ne gonar da ta rage mata tun da daji ya daina shiguwa.

Ni kuwa, da digirina, an aiko ni in auna jin daɗin irinta.

"Inna, daga ɗaya zuwa biyar, nawa ne jin daɗinki?"

"Alhamdulillahi."

Ina ta laluben takardata, babu gurbin Alhamdulillahi. Ta dubi busasshen leɓena, ta turo mini kwanon furarta.

"Sha, ɗan nan. Kai ko ɗayan ba ka kai ba."