Damin Geron Yaya Hansai

Yayata Hansai ba ta taɓa riƙe takarda mai sunanta ba sai da ta haura sittin, kuma da ma ba ta riƙe ba. Ni ƙanwarta ce, Indo, ina ɗinki a Batsari. Ita tun aurenta tana Karare, tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli. Ba ta da yawan magana. Ni ce mai bakin gidanmu, shi ya sa ni zan faɗa.

Da ƙulin nan ta sayi gona, shekara talatin da wani abu ke nan. Ba takarda, wa ke ta takarda a lokacin? An tsaya a bakin gona, mutum huɗu suka shaida, aka raba goro, aka dasa gamba a iyaka. Uku sun riga mu gidan gaskiya. Saura Baba Jinjiri mai jaki, tsohon da duk Karare ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya.

Da mijinta ya rasu, gwiwoyi suka fara ƙi, sai ta ba maƙwabcinsu Muntaka aron gonar. A wajenmu aron gona yana da ƙa'ida. Duk kaka mai aro zai aika dami ɗaya na gero gidan mai gona, da rana tsaka, a idon jama'a. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Shaida ce, don kowa ya gani ya san gonar nan da mai ita. Shekara takwas jakin Baba Jinjiri ne ke kai damin ƙofar Hansai.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka kore wa Muntaka shanun huɗarsa. Da kaka ta yi, kafin ya ɗora damin a jaki, Hansai ta kira shi zaure su biyu, don kada ta kunyata shi.

Ta ce, "Bar shi, Muntaka, ku ci da yara. Allah ya mayar maka da alheri."

Haka ta yi masa shekara uku, a ɓoye. Wannan shi ne duk laifinta a duniya.

Ta'adin 'yan bindiga ya tsananta, ta dawo wurina Batsari da tabarma da kaskon suya. Da aka ɗan samu sauƙi, ɗanta Lauwali ya dawo daga kudu hannu wofi, ya ce zai noma gonar uwarsa. Suka aika wa Muntaka. Wai sai mutumin nan ya ce, wace gona? Ai marigayi mijinta ya sayar masa tun yana raye. In aro ce, wa ya ga dami a shekarun nan?

Muka kai ƙara. Muntaka ya zo da lauya da wata takarda mai dangwalen yatsa, wai yatsan mamaci. Lauyan ya yi ta zuba, Hansai tana tsaye riƙe da bakin mayafi, ko rabin abin da ake faɗa ba ta gane ba. Alƙali ya ɗage zama, ya ce ta nemi lauya, akwai ofishi a birni da gwamnati ke ba talaka lauya kyauta.

Muka je. Benci cike har waje. Bayan la'asar wata ma'aikaciya ta rubuta sunan Hansai a 'yar takarda mai lamba, ta miƙa mata. Ba ta wulaƙanta mu ba, gaskiya ɗaya ce. Ta ce lauyoyinsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma waɗanda ke tsare a gidan yari su ake fara dubawa, maganar gona sai ta biyo baya.

Ta ce, "Mama, za mu kira ki. Amma kafin nan kada ki ce komai a kotu, kada ki gabatar da shaida, sai lauyanki ya zo. Kar su ruɗa ki."

Hansai ta riƙe maganar nan kamar umarnin likita. Ba ta da waya, lambata muka bayar. Wata goma sha shida ko banɗaki da wayar nake shiga. Duk kiran da ya shigo sai ta ɗago kai daga kasko, in ce mata mai kawo ɗinki ce, ta mayar da kai. Sau biyar muna komawa ofishin. Yau lauya ya tafi wata shari'a, gobe an yi masa canjin wurin aiki, jibi fayil yana teburin oga. Wane oga ne wannan da ba ya zama a kujerarsa, ni ban taɓa ganinsa ba.

Sau biyu Baba Jinjiri yana zuwa kotu da ƙafarsa, da sandarsa, yana tari. A na biyun ya zauna a inuwar darbejiya ya ce mata, "Hansai, ki bari in faɗi abin da na sani in huta. Ni ba na jin daɗin ƙirjin nan."

Ta ce, "Baba, an ce mu jira lauya."

Na ce, "Yaya, ki bar shi ya faɗa mana." Ta ce ita ba ta ƙetare maganar hukuma. Wallahi ranar kamar in haɗiye zuciya. Aka sake ɗage zama, tsoho ya hau bayan babur ya koma.

Damina biyu Muntaka ya shuka ya girbe. Lauwali ya gaji da zama, ya koma kudu.

Ranar wata Talata wayar ta yi ƙara. An ba mu lauya, Barista Mubina, yarinya mai hankali, ta zo har gida ta durƙusa ta gaida Hansai. Ta saurari komai, tana rubutawa, har fuskarta ta washe.

Ta ce, "Mama, ai wannan mai sauƙi ne. Ina tsohon mai jaki?"

Hansai ta ce, "Juma'ar da ta wuce muka yi sadakar arba'in ɗinsa."

Yarinyar ta ajiye biro. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta. Ban ji haushinta ba. Haushin waɗanda suka ajiye mutum huɗu su tsaya wa talakawan jiha guda nake ji, su kuma suna can suna cewa kyauta ne. Kyautar da sai shaidarka ya shiga kabari take isowa, su riƙe abarsu.

Kakar bana, da rana tsaka, ana dawowa daga azahar, babur ya tsaya a ƙofar gidana da dami ɗaya na gero. Mai babur ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Zakka ce, in ji Malam Muntaka, a ba tsohuwa."

Zakka. Daga gonarta. Ya san abin da yake yi sarai: in ta karɓa a idon jama'a, ta yarda shi ne mai gona ita ce mai buƙata. Kuma ya san babu ko tiya ɗaya ta hatsi a ɗakinta.

Na ɗauko muciya, Hansai ta riƙe mini hannu. Ta fito ta duba zangarniyar, ta ce na gefen tsamiyar gonar ne, can ne ya fi yi. Sannan ta ce kada wanda ya taɓa shi.

Kwana huɗu damin yana nan a ƙofa, awakin unguwa suka cinye shi tas. Tana zaune a zaure tana kallonsu, takardar mai lamba a ƙulle a bakin zanenta. Ranar da suka gama ta ce da ni, "Indo, ni na ja wa kaina. Da ban tausaya masa ba."

Wannan ce ba zan yafe musu ba. Gonar ma da sauƙi. Sun zaunar da ita a benci har ta yarda tausayin da ta yi ne kuskure.