Yarinyar da Ake Amsa wa Suna

Ni dai ban taso na ga ana bikin ranar haihuwa a gidanmu ba. A Goronyo inda aka haife ni, in ka tambayi mahaifiyata shekaruna sai ta ce maka shekarar da ruwa ya ci albasar babana ne, ka je ka yi lissafinka. Amma da 'yata ta fari za ta cika shekara shida, muna zaune a Wurno, ƙanwata da ke aure a birni ta ishe ni da hotunan ɗanta a waya, ga kek, ga hular takarda. Tsautsayi ya sa yarinyar ta gani. Kwana uku tana tsaye a kaina a bakin keken ɗinki, sai da na ce to don in samu in gama kayan mutane.

Maigidan ya ce ba ruwansa, muddin ba za a kawo masa kiɗa gida ba. Surukata, wadda duk muke kira Inna, ta ce wannan iyayi ne na 'yan birni, amma ita ce ta fara tambaya ko za a yi cincin.

Abin da ya dame ni shi ne yawan yara. Tsakar gidanmu tabarma biyu ta cika shi, ajin su 'yata kuwa sun haura talatin. Na yanke goma, ba ƙari. Na zaunar da ita tana faɗin sunaye ina kama yatsu. Inna ta jiyo mu daga ɗaki.

“Ke, ba a ƙidayar ɗiyan mutane. Ki dahwa abinki, wanda Allah yak kawo shi ci.”

Na ce to Inna, na ci gaba da ƙirgata a ƙarƙashin mayafi.

Da muka kai goma sai ta ƙara ɗaya, ƙawarta da suke zama benci ɗaya. Na ce to ta cire wata, ta kafe ta ƙi. Na san yarinyar. Sau ɗaya ta biyo 'yata gida, siririya mai sanyin murya. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Rabah, iyayenta sun gudo saboda 'yan bindiga, suna zaune a wani kango a gefen gari. Ranar ta sha ruwa a randarmu, ta ce ruwanmu ya fi nasu sanyi. Na ce wa 'yata ai kwana biyu ban ga ƙawar tata ba. Ta ce tana nan, kullum tana amsa sunanta a aji.

Washegari na kai wa malamarsu takardar sunayen, don ta gaya wa yaran a asirce, kada sauran su ji haushi. Mace ce sa'ata, ba ta da hayaniya. Ta bi sunayen da yatsa, ta tsaya a na ƙarshe, sannan ta ja ni waje gindin dogonyaro.

Ta ce iyayen yarinyar sun koma ƙauye da ita yankan gero, da niyyar kwana huɗu, yau ga shi sati uku. An ji cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen. Wasu sun ce sun tsere ta wajen Goronyo, wasu sun ce an wuce da su daji, babu wanda ya gani da idonsa. Dokar makarantar kuwa, in yaro ya jera kwanaki bai amsa suna ba, sai a soke shi daga rajista a ba wani wurinsa, don masu jira suna da yawa. Ta ce ranar farko ta kira sunan aka yi shiru, rana ta biyu ma haka. A rana ta uku aka amsa.

“Ɗiyakki ta,” in ji ta. “Amma ba da muryatta taka amsawa ba. Da ta waccan.”

“Ke kuma sai ki yi mi?”

“Sai in sa alama ta zo.”

Ni kuma in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na ce mata tana koya wa yara ƙarya, na ce abubuwan da ban kamata in faɗa ba. Ta ninke takardata ta ce za ta gaya wa goman.

Daga ranar na fara sa wa 'yata ido, na ga abin da ɗinki ya hana ni gani. In na ba ta ƙosai sai ta raba biyu, ta ajiye rabi a kan katanga. In tana wasan 'yar tsana, murya biyu nake ji. Na san yara suna haka, ni ma na yi. Amma wata rana da ta dawo daga makaranta ta nufi randa, ta sha, ta goge baki, ta dube ni ta ce a hankali, “Ruwanku ya hi namu sanyi.” Almakashi ya faɗi daga hannuna. Na daka mata tsawa na ce mene ne ta ce. Ta yi dariya da muryarta ta kullum, ta ce yunwa take ji.

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi bikin. Na zuba shinkafa kwano goma sha ɗaya ban da na 'yata, na gaya wa kaina na ƙarshen na ko-ta-kwana ne. Yara suka zo, kusan kowa da ƙaninsa a hannu wanda ba a gayyata ba, Inna tana zaune a bakin ƙofa tana yi wa lissafina dariya. Suka zauna a tabarma suna matse juna, gwiwa a kan gwiwa. Duk da haka sai suka bar fili a gefen 'yata, daidai zaman yaro ɗaya, ba tare da wani ya ce a bari ba. Wani ɗan ƙarami ya rarrafa zai zauna a wurin, yayarsa ta jawo shi baya da sauri. 'Yata ta tashi ta ɗauko kwanon nan ta ajiye a filin.

Na shiga ɗaki ɗauko zoɓo, ban yi minti biyu ba. Da na fito kwanon ya zama fanko, an suɗe shi tas, kowane yaro kuma nasa na gabansa ko rabi bai ci ba. Na tambayi wanda ya cinye. Suka ɗago suna kallona, babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya nuna wani. Duk wanda ya san yara ya san ba su iya rufa wa juna asiri a kan abinci. Na san akwai bayani mai sauƙi, hannaye da yawa a kwano ɗaya. Na yanka kek, suka yi waƙarsu, na raba alewa, amma ban ƙara bi ta gefen nan na tabarmar ba.

Da suka watse na gaya wa Inna komai. Dariyarta ta ɗauke. Ta ce tun suna yara aka hana su amsa kiran da ba nasu ba, don ba ka san wanda ke saurare ba. Abin da ke raina ke nan ta faɗa. Tsoro nake ji ƙwarai, ina ganin duk abin da ya ɗauke waccan yarinyar zai ji ana amsawa, ya biyo muryar har cikin gidana.

Na kira 'yata na ce daga yau kada ta sake amsa sunan kowa sai nata.

“Umma, in ban amsa ba Malama za ta goge ta. In tad dawo, ina za ta zamna?”

Sai na ɗauko tsintsiya na nuna mata. Ta yi kuka marar sauti, hawaye kawai. Na ji kunyar kaina, amma ban janye maganar ba. Har yau ban ji labarin mutanen nan ba, ko suna raye ko ba sa raye, a lokacin kuwa tawa kaɗai nake so in tsare.

Ranar Litinin na bi bayanta makaranta don in tabbatar. Na tsaya a jikin taga inda za ta gan ni. Malama ta buɗe rajista ta fara kira, yara suna amsa na'am ɗaya bayan ɗaya. 'Yata ta amsa nata. Sai aka zo kan sunan.

Aka yi shiru. 'Yata tana kallona, ta danne leɓenta, tafin hannunta a kan benci inda babu kowa. Malama ta sake kira. Yaran duk suka juya, ba 'yata suke kallo ba, wurin nan suke kallo. Ina jin kukan awaki daga bayan katanga. Malama ta kira na uku, ta ɗaga biro daga kan takarda, ta matsar da shi zuwa inda ake soke suna.

“Na'am, Malama.”

Muryar siririya ce, mai sanyi. Sai da na ga 'yata ta zaro ido a kaina na gane daga bakina ta fito. Malama ba ta ɗago kai ba. Ta sa alama, ta kira suna na gaba.