Duwatsun Baba Tsakuwa a Ramin Ƙofar Ofis

Daga Allah muke, ga shi ɗayanmu ya riga mu komawa. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran malaminmu na labarin ƙasa, wanda mu ɗalibansa muke kira Baba Tsakuwa a bayan idonsa, shi kuwa ya sani, bai taɓa nunawa ba.

Malam, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, amma alƙalamin ya ƙi, domin abin da aka yi maka tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba ya fi ƙarfin shiru.

Bari in fara da alherinka. Ranar da ka fara shiga ajinmu, babbar kwalba ka riƙo, ka zuba tsakuwa da yashi da laka da ruwa, ka girgiza, ka ajiye a bakin taga. Ka ce, "Ku rage surutu, dutse zai kwanta." Muka yi ta dariya. Washegari sai ga tsakuwa a ƙasa, yashi a kanta, laka a sama, hawa-hawa kamar tabarmin da aka jera. Ka ce haka duniya take yi: rana da ruwan sama su farfasa tsohon dutse, kogi ya kwashi ɓaraguzan, inda ya gaji ya sauke, sabo ya hau kan tsoho, nauyi ya matse su, abin da ya narke cikin ruwa ya liƙe su, har su koma dutse mai shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Shekara da shekaru kana bin gaɓar kogi da ramukan masu haƙar rijiya, kana tsinto shaidu, har ka cika wani ɗaki a makaranta. A can muka murza dutsen yashi ya zubar mana da ƙwayoyi a tafin hannu. A can muka ɓare dutsen laka falle-falle kamar shafukan littafi. Ka ɗiga ruwan batir a kan farin dutsen da ya taru daga ɓawon halittun ruwa, ya yi kumfa, ajin ya watse da gudu. Ka sa muka lashi gishirin da tafki ya bari bayan ya ƙafe. Ka nuna mana hoton ganye kwance cikin dutse, jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ni ne daƙiƙin ajin, kowa ya sani. Wata rana na fashe da kuka, ka dafa kafaɗata ka ce, "Yarona, tsakuwa ce ke saurin kwanciya, amma laka mai jinkiri ita ke riƙe hoton ganye." Da wannan magana na kai inda na kai.

Yanzu ga abin takaicin. Sabon shugaban makaranta yana son ɗakinka don ajiye karyayyun kujeru, kuma ruwa na taruwa a wani rami a ƙofar ofishinsa yana ɓata masa takalmi. Sai ya haɗa bukatun biyu: ya sa leburori suka kwashe duwatsunka a baro, suka juye a ramin a matsayin ciko. Kana da rai bai iya ba. Ya jira har aka ɗauke ka a kafaɗa.

Na je na same shi. Ko tashi bai yi ba, ya ce, "Yallaɓai, dutse ai dutse ne. Yaran yanzu a waya suke ganin komai." Na ce masa waya ba ta zubar da yashi a tafin yaro. Ya duba agogo.

Ruwa ya kwaso, ya gaji ya sauke,
Ka bi sawunsa, ka duƙa ka ɗauke,
Ka jera mana su don mu karanta,
Yau sun zamo ciko a makaranta.

Da na kai wa Inna, maiɗakinka, labari, sai ta ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗinke masa yagaggun aljihu ban zubar da ko dutse ɗaya ba, sai wanda bai taɓa sunkuyawa ya ɗauko ba?"

Duwatsun suna nan cikin ramin, wasu sun tsage, da yawa kuwa lafiyarsu ƙalau. Maginin da aka ɗauko ya rufe ramin ya ce da ni, "Maigida, ni abin da aka sa ni nake yi. Amma siminti ba zai iso ba sai Litinin." In aka zuba shi, shi ke nan, an binne ka sau biyu. Don haka ina kira ga duk wanda ya taɓa zama ajin Malam, likita ne ko direba, ya zo ƙofar ofishin ranar Asabar da shebur da buhu. 'Yarsa ta fari ta share ɗaki a gidanta, kuma ta ce ƙofarsa a buɗe take ga kowane yaro.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa ƙasar da ya ƙare rayuwarsa yana karantawa ta yi masa sauƙi. Ka sa ilimin da ya shimfiɗa a zukatanmu ya zama nauyi a mizaninsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan'uwana ɗalibansa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Shugaban makaranta kuwa ban sa shi ciki ba, domin wanda ya san ya yi rashi ake yi wa ta'aziyya.